Gani Ya Kori Ji: Tarihin Koyar da Binciken Halittu

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a a zamanin nan don ya koyi ilmin halittu, watau ilmin dabbobi da tsire-tsire da sauran abubuwa masu rai, da wuya ya fita ba a sa shi ya yi wani bincike da hannunsa ba, ya kuma rubuta labarin abin da ya yi. Ba kuwa yadda ya ga dama zai rubuta ba. Akwai tsari guda wanda a ke bi, ko a Landan ne, ko a Alƙahira, ko a Zariya. Takardar kashi huɗu ce. Da fari ya faɗi abin da ya sa ya tasar wa aikin. Na biyu ya faɗi abin da ya yi, daki-daki. Na uku ya faɗi abin da ya samu. Na huɗu kuma ya faɗi ma'anar abin da ya samu ɗin.

Ɗalibai da yawa su kan ɗauki wannan tsari kamar wata al'ada ce ta malamai kurum, wadda a ke bi don a ci jarrabawa. Alhali kuwa gardama ce ta haife shi, gardamar da masu ilmi suka shafe fiye da shekara 400 suna yi a kan tambaya guda, ita ce: in mutum ya ce ya ga abu kaza, ta ƙaƙa za a san ko gaskiya ne? Ga yadda abin ya faro.

Karatun dā

A jami'o'in Turai na dā, in za a koyar da ginin jikin mutum, malami ya kan hau wata kujera mai tsawo, ya buɗe littafi yana karantawa da harshen Latin. A ƙasa ga gawa bisa tebur, ga wanzami da aska yana feɗewa, ga kuma wani da sanda yana nuna wa ɗalibai gaɓar da malam ya ambata. Malam ba ya taɓa gawa, wanzami kuwa galibi ba ya jin Latin. Littattafan da a ke karantawa duk sun dogara ne ga Jalinus, wani babban likita Bayunane, wanda aka haifa wajen shekara ta 129, ya kuma yi aiki a birnin Rum.

Jalinus ba jahili ba ne, mai bincike ne na gaske. Amma a zamaninsa ba a yarda a feɗe gawar mutum ba, sabo da haka birai da aladu da karnuka ya yi ta feɗewa, ya ɗauka jikin mutum ma haka ya ke. Tun wajen 1242 wani likita na Alƙahira, Ibn al-Nafis, ya ƙi maganarsa cewa jini yana ratsa bangon da ya raba zuciya biyu ta waɗansu 'yan ƙananan ƙofofi. Ya ce babu wata ƙofa, ta huhu jinin ke zagayawa. Amma maganarsa ba ta bazu a makarantun Turai ba.

Cikin 1537 aka naɗa wani saurayi mutumin Brussels, sunansa Andreas Vesalius, ya zama malamin fiɗa a jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, bai ko cika shekara 23 ba. Shi kuwa sai ya sauko daga kujera, ya karɓi aska daga hannun wanzami, ya tara ɗalibai kewaye da tebur. Nan ya riƙa cin karo da wuraren da littafi ya saɓa da gawa. Jalinus ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, Vesalius ya tarar na mutum guda ne. Jalinus ya ce ƙashin ƙirji gaɓa bakwai ne, shi ya tarar uku ne, bakwai ɗin na biri ne. Cikin 1543 ya buga babban littafinsa mai zane-zane, yana gargaɗin ɗalibai su sa hannu su duba da kansu. Manya suka yi fushi. Har wani tsohon malaminsa na Faris ya ce ai Jalinus bai yi kuskure ba, jikin mutane ne ya sake tun bayan zamaninsa.

Nama da tsutsa

To, gani ya kori ji. Amma fa ido ma ya kan ruɗi mai shi. Kowa ya taɓa ganin nama ya kwana biyu ya yi tsutsa. Tun zamanin Aristotal, malamai da jahilai duk sun yarda ruɓaɓɓen nama shi ke haifar tsutsa da kansa. Ba a littafi kaɗai suka karanta ba, da idonsu suka gani.

Wanda ya fara warware wannan shi ne Francesco Redi, likitan fadar mai mulkin Tuscany a birnin Florence. Ya lura kullum sai ƙudaje sun yi ta sauka bisa nama kafin tsutsa ta fito, sai ya yi zaton ko ƙwan ƙuda ne ke ƙyanƙyashewa. Bai tsaya ga zato ba. Ya sami manyan kwalabe huɗu masu faɗin baki, ya sa maciji a ɗaya, kifi iri biyu a biyu, naman maraƙi a ta huɗu, ya rufe su ruf. Sa'an nan ya sami waɗansu huɗu, ya zuba irin abin da ya zuba a na farko, amma ya bar su a buɗe. Ba a daɗe ba na buɗen suka cika da tsutsa, ƙudaje na shiga suna fita. Na rufen kuwa naman ya ruɓe ya yi wari, amma ko tsutsa ɗaya babu.

Abin lura a nan shi ne jeri biyun nan. Da ya rufe duka takwas, tsutsa ba ta fito ba, da wani sai ya ce ai naman ne ba mai yin tsutsa ba. Da kuma ya bar duka a buɗe, da bai ƙaru da kome ba. Sai da ya jera abu biyu daidai wa daida, waɗanda ba su bambanta ba sai a wuri guda, sa'an nan gwajin ya zama hujja. Har wa yau wannan shi ne darasi na farko da a ke koya wa ɗalibi, kuma tambayar farko da malami ke yi masa ita ce, ina na kwatanci?

Redi ya san za a ce rashin iska ne ya hana naman haihuwa. Sabo da haka ya sake gwajin, ya rufe bakin da wani mayafi shara-shara wanda iska ke ratsawa amma ƙuda ba ya iya shiga. Ƙudaje suka taru bisa mayafin, suka zuba ƙwai a kansa, naman kuwa bai yi tsutsa ba. Ya buga labarin duka cikin 1668. Ko da ya ke haka, shi ma ya yi tuntuɓe. Da ya ga tsutsa cikin ƙululun da ke fitowa a ganyen itace, bai ga ta inda ta shiga ba, sai ya ce itacen ne ya haife ta. Daga baya waɗansu Italiyawa biyu, Malpighi da Vallisneri, suka nuna ƙwaro ne ke huda ganyen ya saka ƙwai. Da hanyarsa aka gyara kuskurensa.

Mai shagon yadi

A daidai wannan zamani, cikin 1660, waɗansu masu ilmi a Landan suka kafa ƙungiyar da a ke kira Royal Society. Takenta yana nufin kada a karɓi magana don girman mai faɗinta. Magatakardanta, Henry Oldenburg, ya kan sami wasiƙu daga ƙasashe dabam-dabam, kowa na ba da labarin abin da ya gano. Ran 6 ga watan Maris, 1665, ya fara tattara irin waɗannan yana bugawa cikin wata mujalla mai suna Philosophical Transactions, wadda har yau ba a daina bugawa ba. Takardun farko wasiƙu ne sosai, da gaisuwa da labarin duniya, ba su da wani tsari.

Cikin masu aiko da wasiƙu akwai wani mai shagon yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek. Bai taɓa shiga jami'a ba, ba ya jin Latin, da harshen garinsu ya ke rubutu, a fassara a Landan. Amma ya iya gyara 'yan ƙananan ƙwayoyin gilashi masu ƙara girman abu fiye da na kowa a duniya. Cikin 1676 ya rubuto ya ce ya jiƙa masoro cikin ruwa kamar mako uku, ya duba, ya ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu suna iyo, dubbai cikin ɗigo guda.

Mutanen Landan suka yi shakka. Suka tambaye shi yadda ya ke dubawa, ya ƙi faɗin asirin gilashinsa. Maimakon haka ya aiko da takardun shaida daga mutum takwas masu mutunci, har da limamin coci da lauya, duk sun ce sun leƙa sun gani. Ƙungiya ba ta ce ƙarya su ke yi ba, amma dai ba ta gamsu ba. Sai Robert Hooke ya jiƙa nasa masoron, ya duba da nasa madubin. Sau biyu bai ga abin da a ke faɗi ba. A na uku, cikin watan Nuwamba, 1677, ya gani, ya kuma nuna wa 'yan ƙungiya kowa ya leƙa. Sa'an nan aka yarda. Cikin 1680 aka shigar da mai shagon yadi cikin ƙungiya.

Ashe shaidu takwas ba su kai mutum ɗaya wanda ya sake yin aikin da hannunsa ba. Wannan shi ne asalin kashi na biyu na takardar bincike. Leeuwenhoek kuwa, da aka ba shi shawara ya buɗe makaranta ya koya wa samari, ya ƙi. Ya rasu cikin 1723 bai bar almajiri ba, ba a kuwa sami madubin da ya wuce nasa gani ba sai cikin ƙarni na 19.

Kwalba mai dogon wuya

Ganin waɗannan ƙananan halittu ya ta da tsohuwar gardama. Mutane suka ce, to, an ji, tsutsa daga ƙuda ta ke, amma waɗannan 'yan ƙwayoyi lalle romo ne ke haifarsu da kansa. Cikin ƙarni na 18 John Needham na Ingila ya dafa romo ya toshe, ƙwayoyi suka fito. Spallanzani na Italiya ya dafa nasa ya fi daɗewa, ya narkar da bakin kwalbar ya liƙe, ba su fito ba. Needham ya ce ai yawan dahuwa ne ya kashe ƙarfin iskar. Aka bar magana nan ba a yanke ba.

Cikin 1859 Félix Pouchet, wani sanannen malami a garin Rouen na Faransa, ya buga littafi yana cewa ya tabbatar rai na fitowa daga abin da ba shi da rai. Louis Pasteur ya ce a'a, ƙwayoyin suna cikin ƙurar da iska ke ɗauke da ita. Ya zuba ruwan yisti da sukari cikin kwalba, ya gasa wuyanta a wuta ya ja shi ya yi tsawo, ya lanƙwasa shi kamar wuyan zalɓe, ya tafasa ruwan, ya bar bakin a buɗe. Iska na shiga, amma ƙura sai ta maƙale a lanƙwasar. Ruwa ya zauna garau wata da watanni. In ya karya wuyan kuwa, kwana ɗaya ko biyu sai ruwan ya gurɓace.

Cikin 1860 ya ɗauki kwalabe liƙaƙƙu ya tafi da su wurare uku, ya buɗe ashirin a ko wane wuri, iska ta shiga, ya sake liƙewa. A karkara, gindin duwatsun Jura, 8 cikin 20 suka gurɓace. Bisa wani dutse mai tsawon mita 850, 5 cikin 20. Can kuwa cikin ƙanƙarar duwatsun Alps, wajen mita 2,000, inda ƙura ba ta da yawa, 1 tak cikin 20. Bai ce "da yawa" ko "kaɗan" ba, ƙirga ya yi. Cikin 1862 majalisar masu ilmin kimiyya ta Faransa ta ba shi kyautar da ta sa a kan wannan magana.

Pouchet bai yarda ba. Cikin 1863 ya hau duwatsun Pyrenees da nasa kwalaben, ya buɗe su, suka gurɓace. Mutane da yawa suka ɗauka ganganci ya yi wajen aiki. Sai cikin 1876 da 1877 Ferdinand Cohn a Jamus da John Tyndall a Ingila suka gano abin da ya faru. Pouchet ba da ruwan yisti ya ke aiki ba, ruwan busasshiyar ciyawa ya ke dafawa, a cikin irin wannan ciyawa kuwa akwai ƙwayoyin da kan dunƙule cikin ɓawo mai tauri, tafasa ɗaya ba ta kashe su. Watau abin da ya ce ya gani, ya gani ɗin, fassararsa ce ta kauce. Da mutanen nan biyu ba su rubuta abin da ko wannensu ya zuba cikin kwalba ba, da babu mai iya raba gardamar. Shi ya sa a ke raba abin da aka samu da ma'anarsa, ko wanne da kashinsa, don in ɗaya ya rushe ɗaya ya tsaya.

Amfanin ƙirga ya fi fitowa fili ga labarin Gregor Mendel, wani fada a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Sau biyu ya zauna jarrabawar malanta bai ci ba. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wake irin na Turai wajen tushe 28,000 a lambun gidan ibadarsu, yana barbara iri da iri. A gwaji guda ya ƙirga ƙwaya 7,324, ya sami 5,474 sumul, 1,850 yamutsattsu, watau kusan uku bisa ɗaya. An buga takardarsa cikin 1866, ba wanda ya kula, ya rasu cikin 1884. Amma cikin 1900 waɗansu masu bincike uku suka ci karo da ita, suka ga lissafinsa ya dace da nasu. Mai magana ya mutu, lissafi ya yi magana.

Ɗalibi ya shiga ɗakin gwaji

Duk wannan aikin manya ne. Ɗalibi kuwa har cikin ƙarni na 19 galibi zama ya ke yi yana saurare, ya haddace sunayen tsire-tsire, ya kalli busassun dabbobi cikin akwatin gilashi. Jamusawa suka fara sake wannan. Tun daga 1824 Justus Liebig, malamin ilmin sinadarai a jami'ar Giessen, ya riƙa sa ɗalibansa suna wuni a ɗakin gwaji, kowa da aikinsa. Daga baya masu ilmin jikin dabbobi na Jamus suka bi sawu.

A Ingila kuwa Thomas Henry Huxley ne ya buɗe ƙofa. Cikin 1871 ya tara malaman makarantu a unguwar South Kensington ta Landan, ya yi musu darasi na mako shida. Da safe ya yi musu bayani, da rana kowa ya zauna gaban madubinsa ya duba ko abin da aka faɗa da safe haka ya ke. Bai cika su da halittu barkatai ba. Ya zaɓi kaɗan, ko wanne a madadin danginsa, daga yisti da fumfuna da tsiron wake har zuwa jatan lande da kwaɗo. Cikin 1875 shi da mataimakinsa H. Newell Martin suka buga littafin wannan darasi. Shekara ta zagayo Martin ya haye Amurka, ya zama malamin ilmin halittu na farko a sabuwar jami'ar Johns Hopkins. Ta hannun almajiran Huxley tsarin ya bazu. Da aka buɗe kwalejin Ibadan cikin 1948, ƙarƙashin jami'ar Landan, da irin wannan tsari aka fara koyar da ilmin dabbobi da na tsire-tsire.

A Amurka akwai wani malami wanda hanyarsa ta fi wannan tsanani, shi ne Louis Agassiz na jami'ar Harvard, mutumin Suwizalan. Wani almajirinsa, Samuel Scudder, ya ba da labari cikin 1874 cewa ran da ya fara zuwa, malam ya ajiye masa mataccen kifi guda ya ce ya duba, ya yi tafiyarsa. Babu littafi, babu madubi. Cikin 'yan mintoci yaro ya ga kamar ya gama. Malam ya dawo, ya saurare shi, ya ce bai ga kome ba tukuna. Kwana uku ya yi gaban kifin nan, yana ƙirga ɓawonsa, yana zana shi da fensir, kullum sai ya ga abin da jiya bai gani ba.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Agassiz ɗin nan mai koya wa yara gani, har ya rasu cikin 1873 bai karɓi hujjojin Darwin ba. Abin da ya fi wannan muni, cikin 1850 ya rubuta cewa baƙar fata da farar fata ba asalinsu ɗaya ba, masu riƙon bayi a Amurka kuwa suka yi murna da maganarsa. Ba gwaji ya kai shi nan ba, abin da ke zuciyarsa ya bi. Kaifin ido ba ya tsare mutum daga son zuciya, sai in ya shimfiɗa hujjarsa a fili yadda wani zai iya rushe ta.

Ita ma hanyar Huxley da ta daɗe sai ta zama al'ada. Ɗalibi ya feɗe kwaɗo don ya ga abin da littafi ya riga ya gaya masa zai gani, in bai gani ba ya zana na littafin ya miƙa. Aska na hannunsa, amma an koma Padua.

Tsarin kashi huɗu

Cikin ƙarni na 20 masu bincike suka yi yawa, mujallu suka cika, babu mai lokacin karanta doguwar wasiƙa. Tun wajen 1940 manyan mujallun likitoci suka fara jera takardu kashi huɗu, kafin 1980 kuwa tsarin ya game kusan ko ina. Cikin 1965 Austin Bradford Hill, wani gwanin lissafin cututtuka a Landan, ya taƙaita shi cikin tambayoyi huɗu waɗanda ya ce dole marubuci ya amsa, su ne waɗanda aka jera a farkon wannan labari. Cikin 1972 hukumar ma'aunai ta Amurka ta mai da shi ƙa'ida. Turawa su kan kira shi IMRAD, daga haruffan farko na sunayen kashi-kashin. Haka kuma ya zama al'ada kafin a buga takarda a aika da ita ga waɗansu masana su tone ta.

Ba kowa ya yi na'am ba. Cikin 1963 Peter Medawar, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 1960, ya yi jawabi a gidan rediyon BBC yana tambaya ko takardar bincike yaudara ce. Ba cewa ya yi abin da ke ciki ƙarya ne ba. Cewa ya yi tsarin yana ɓoye yadda tunani ke tafiya. Mai karanta takarda sai ya zaci mai bincike ya shiga ɗaki da zuciya wofi, ya tara abubuwa, ma'ana ta fito da kanta. Alhali kuwa da zato a ke farawa, kamar yadda Redi ya fara da zargin ƙuda, sa'an nan a nemi gwajin da zai iya ƙaryata zaton. Ɗalibin da bai san haka ba, in gwajinsa ya ƙi, sai ya ɗauka shi ne dolo, ko kuwa ya gyara lissafi don ya dace da littafi. Wannan na biyu shi ne babban zunubi a wannan sana'a.

Maganin da malamai suka riƙe shi ne a koya wa ɗalibi rubutu iri biyu. Akwai littafin ɗakin gwaji, ɗinkakke, wanda a ke rubutawa da tawada, ko wace rana da kwanan wata, ba a yage shafi, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a bar shi yana karantuwa. Nan a ke ganin hanyar da aka bi da duk ɓatan kai. Sa'an nan akwai takardar kashi huɗu, wadda ba labarin tafiya ba ce, taswira ce don wanda zai biyo baya.

Ruɓaɓɓen yalo

A 'yan shekarun nan jami'o'i da yawa sun koma ba ɗalibi tambayar da malaminsa ma bai san amsarta ba. Cikin 2008 wata cibiyar binciken likitanci ta Amurka mai suna Howard Hughes, tare da Graham Hatfull na jami'ar Pittsburgh, suka fara wani shiri a makarantu 12, daga baya suka wuce 100. Ɗalibin shekarar farko ya kan ɗebo ƙasa, ya tace, ya nemi wata ƙwayar bairas mai kashe bakteriya, ya tsarkake ta, ya raɗa mata suna, ya rubuta inda ya samo ta da yadda ya yi, a ajiye ta cikin sanyi.

Cikin 2010, a wani darasi irin wannan a birnin Durban na Afirka ta Kudu, wata ɗaliba ta kankaro ƙasa daga jikin ruɓaɓɓen yalo, ta sami tata ƙwayar. Aka rubuta, aka ajiye. Bayan shekara takwas, a wani asibitin yara na Landan, akwai wata yarinya 'yar shekara 15 wadda aka yi wa dashen huhu, wata bakteriya ta kama ta, duk magunguna sun kasa. Aka aika da bakteriyar Pittsburgh, aka bi ƙwayoyin da ɗalibai suka tara ana gwadawa, aka fitar da uku, ɗaya ita ce ta yalon nan. Cikin 2018 aka fara yi mata allurarsu. Cutar ba ta fita duka ba, amma miyakunta suka fara warkewa, ta tashi ta koma gida. Aka buga labarin cikin 2019, aka faɗi abin da aka yi da abin da aka samu, aka kuma faɗi cewa mutum ɗaya ne kawai, ba a iya yanke hukunci da shi ba sai an ƙara gwadawa.

Ɗalibar nan ta Durban ba ta san ran da za a bukaci aikinta ba, kamar yadda Mendel bai sani ba. Abin da ya sa aka iya amfani da shi shi ne an rubuta shi yadda baƙo zai gane, ya bi, ya tabbatar. Sabo da haka in malami ya mayar wa ɗalibi takardarsa, ya rubuta a gefe da jar tawada, nawa ka ƙirga, minti nawa ka tafasa, ina na kwatanci, ba ƙeta ya ke yi masa ba. Tambayoyin da aka yi wa Leeuwenhoek da Pouchet ne, a ke yi masa tun yana gida, kafin duniya ta yi masa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.